Glenda Mai Tauraro a Kunci

Duk wanda ya girma a garin Burslem na Ingila ya san Glenda ta taɓa fitowa a fim. Wanda bai sani ba kuwa, ya tsaya kusa da ita a wurin jiran bas, kafin motar ta iso ya sani. Fitowar ba wata mai tsawo ba ce. In ka sunkuya ɗaukar alewarka da ta faɗi, kafin ka ɗago an wuce wurin. Amma ta fito ɗin, fuskarta ta cika allo gaba ɗaya, baki a wangame, tauraron ruwan zinariya a kuncin hagu, tana kaɗa takalmi ƙafa ɗaya a sama. Ni Marlene, ƙawarta tun muna firamare, ina cikin zauren ranar da aka ɗauki hoton, ko da yake babu abin da na gani.

Tare muka bar makaranta, tare aka ɗauke mu aiki a masana'antar tangaran da iyayenmu suka tsufa a cikinta. Aikinmu zizara ruwan zinariya a bakin kofunan shayi. Kofi na juyawa, kina bin bakinsa da ɗan siririn buroshi, ki ajiye, ki ɗauki wani, har a tashi. Hannun Glenda ba ya rawa ko kaɗan, bakinta kuma ba ya hutawa. Garin a lokacin komai nasa launin toka ne, daga sararin sama har kwat ɗin maza. Mahaifinta, Mista Tunnicliffe, mai kula da wutar gashin kwanuka ne, kuma in ya ce maka sannu da safe, to ya gama maganar ranar.

Wata yamma ina gidansu muna shan shayi, sun kunna sabuwar talabijin mai kala da suka karɓo haya, sai ga Barnaby Lux. Ba mu taɓa jin sunansa ba. Wani dogo ne siriri, gashinsa shuɗi kamar an tsoma kansa a ruwan bula, riga mai ƙyalƙyali ta ɗame shi tamau, ido ya sha kwalli raɗau, takalmansa kamar ya hau kan bulo, ga laimar azurfa a buɗe a hannunsa alhali cikin ɗaki yake. Ganga ta doka, jita ta tsala ƙara, ya buɗe baki. Biskit ɗin Glenda ya narke ya faɗa cikin shayi ba ta sani ba.

Mista Tunnicliffe ya sauke jarida. "Wannan mace ce ko namiji?"

"Oho, Baba," in ji Glenda. "Ko ma mene ne, ina so."

Mahaifiyarta ta matso ta gyara tabarau. "Wanda ya yi masa rigar dai ya iya ɗinki."

Daga ranar muka haukace. Da aka ce zai yi wasa a Landan a bazarar 1973, har sau biyu a rana ɗaya, Glenda ta samo mana tikitin wasan la'asar don mu kama jirgin ƙasa na dawowa. A gida muka ce za mu Crewe duba gwaggona da ba ta jin daɗi. Gwaggon nan lafiyarta ƙalau, ta fi mu ƙarfi.

Shiri kuwa ba a magana. Glenda ta ɗauki takalman aikin yayanta ta kai wa mai gyara, ya buga musu katako a ƙasa, ta shafe su da fentin azurfa na bututun murhu. Ta buɗe akwatin mahaifiyarta ta zaro labulen falo na karan-miski, wanda ba a ratayawa sai da Kirsimeti, ta mayar da shi alkyabba. Gashi muka rina a banɗakin gidanmu. Shuɗi muka nufa, aka samu launin ganyen kabeji. Haka muka ɗaure kai da ɗankwali har tasha. A ɗan banɗakin jirgi muka sauya kaya, muna gware da juna, jirgi na jijjiga, amma Glenda ta zana wa kanta tauraro a madubi babu inda layi ya karkace. Ni ta zana mini jinjirin wata.

Da muka isa bakin zauren sai muka tsaya muna kallo. Layi ya zagaye titi, kowa da irin haukarsa: samari da jan baki, 'yan mata da fikafikan takarda, wani ya naɗe kansa da takardar gasa kaza daga wuya har gwiwa, yana tafe yana ƙara. Glenda ta damƙe hannuna.

"Marlene! Ashe muna da yawa!"

Muka kutsa har kusa da dandamali. Zafi, turare, ihu. Aka kashe fitilu, aka doka ganga sau ɗaya, na ga gefen laimar azurfa tana fitowa daga bayan labule. Daga nan ban ƙara sanin komai ba. Na farka a wani ɗaki a kan benci, wata tsohuwa mai kayan agaji tana yi mini fifita da mujalla, 'yan mata irina a jere a ƙasa kamar kifi a kasuwa. Ta bango nake jiyo wasan, gim, gim, gim. Duk sanda na yunƙura zan tashi sai tsohuwar ta danne ni.

"Kwanta, 'yata. Shi ma mutum ne, yana zuwa banɗaki kamar kowa."

Glenda ta zo ta ɗauke ni bayan an tashi, babu murya, babu takalmi ɗaya. Ta jefa wa Barnaby shi kan dandamali. A jirgi ta naɗe ƙafar da jarida da ledar burodi, ta ba ni labarin wasan kakaf da hannu da ido, don in ta buɗe baki iska kawai ke fita. Ni kuwa kuka nake yi ina cin soyayyen dankali.

Ba mu san an ɗauki wasan a fim ba sai da shekara ta zagayo aka manna hotonsa a sinimar garinmu. A nan ne na ga wasan da na je Landan ban gani ba. Kai, fim ɗin! Mai ɗaukar hoton kamar a kan doki yake, komai na rawa, wani wurin duhu, wani wurin ja ya malale kan kore. Amma da Barnaby ya fito sai na ji numfashina na neman sake ɗaukewa, Glenda ta tsunkule ni.

"Kika kuskura kika suma, ba ni ba ke."

Ana cikin waƙa ta uku wandonsa ya yage daga baya, ɓarat, har a lasifika. Bai gudu ba. Ya tuntsire da dariya, ya kare wurin da laima, ya ƙarasa waƙar a haka yana tafiya da baya. Mai ganga mura yake yi, yana atishawa yana duka, bai taɓa saɓa kiɗa ba. A gefen dandamali akwai wani dattijo mai gadi da ya cusa auduga a kunne, ya haɗe rai, amma in ka lura da ƙafarsa tana taka rawa ita kaɗai. Sai kuma kwatsam, ga Glenda, fuska kamar gaban gida.

Ihun da ta yi a sinimar nan ya fi na cikin fim ɗin. Ta hau kan kujera. "Ni ce! Jama'a, ni ce! Glenda ce, ta Titin Coci!" Ma'aikacin sinimar mai tocila ya zo zai fitar da ita, ya dubi allo, ya dube ta, ya kashe tocilarsa ya zauna kusa da mu.

Kafin kwana biyu labari ya kai gida. Misis Tunnicliffe ta sa hular zuwa coci, ta tafi sinima ita kaɗai ranar Asabar da rana, ta zauna tsakiyar yara. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta motsa ba har aka zo kan 'yarta, sannan ta miƙe tsaye ta nuna allo.

"Labulena ne wannan!"

Da ta dawo gida ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye jaka ta ce, "Crewe ta canza ƙwarai." Can kuma tana wanke-wanke ta ce, "Amma ya yi kyau a hoto. Na faɗa wa babanki yadin mai kyau ne."

Neville Shufflebotham ya shigo rayuwarta a shekarar. Kwandastan bas ɗin da muke hawa zuwa aiki ne, dogo, shiru-shiru, da wasu kunnuwa da suka buɗe gefe da gefe, har a wurin aiki muke kiransa kofi mai hannu biyu. Ranar da ya fara ganin Glenda ya saki baki ya tsaya, ya manta bai buga ƙararrawa ba, bas ya yi ta jira har direba ya leƙo yana zagi.

"Malam, lafiya?" in ji Glenda. "Ko baƙin murhu ne a fuskata?"

"A'a," ya ce. "A'a. Wuce ciki." Kunnuwan suka yi jawur.

Ya ɗauki watanni kafin ya iya haɗa magana. Da soyayya ta kankama, ranar da ta kai shi gida, Mista Tunnicliffe ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ma kana cikin masu sauraron wancan mai kwallin?"

Neville ya ce, "Ni? Allah ya kiyaye, Mista Tunnicliffe. Ai wannan ihun maguna ne. Ni ƙaho nake busawa a badujalar gari."

Tsohon ya miƙe daga kujerarsa ta gaban murhu, wadda ko matarsa ba ta taɓa zama a kai ba, ya ce, "Zauna nan, yaro."

Na tambayi Glenda yadda za a yi ta auri mutumin da ya kira Barnaby mage. Ta ce, "Gida ɗaya ba ya ɗaukar mahaukata biyu, Marlene. Dole a samu mai tuna ranar fitar da shara."

Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya biyu, Neville ya zama sufeton bas, ya ƙara zama launin toka. Zamani ya juya. Waɗanda muka yi layi da su suka aske gashi, suka ɓoye hotuna, in an tuna musu sai su ce ƙuruciya ce. Barnaby kansa ya daina fitowa, daga baya muka ji rasuwarsa a rediyo muna bakin aiki, Glenda ta ajiye buroshi ta fita tsakar gida, ta dawo ta ci gaba da kofunanta ido jawur. Amma ba ta taɓa jin kunyar fim ɗinta ba. Da aka fara sayar da shi a kaset ta saya, ta yi ta mayar da wurin da ta fito har hoton ya goge, fuskarta ta koma kamar ana ruwan ƙanƙara. Ta sayi wani. Shi ma ta cinye shi.

Duk ranar haihuwarta sai a ture kujerun falo, a soya wainar garinmu da cuku, a kunna fim, mu cika gidan. Neville kuwa da ya ga an fara jan tebur sai ya ɗauki ƙahonsa.

"Za a fara yanka magunan ke nan?"

"Tafi, tsohon agogo. Ka rufe mana ƙofa."

Sai ya tafi ɗan ɗakin ajiyar kayan lambu da ke bayan gida, ya kulle kansa.

Shekarar da aka rufe masana'antarmu ce na gane fim ɗin ya wuce abin wasa. Ranar da aka sallame mu muka fito mu mata wajen ashirin muka tsaya a bakin ƙofa da kwalayenmu, ba wadda ta san inda za ta nufa da tsakar rana. Glenda ta ce, "Ku zo gidana." Muka zauna a falonta jugum-jugum. Ta kunna. Ba wadda ta kula har aka zo inda wandon ya yage. Wata dattijuwa da ta shekara arba'in tana manna hannun kofi ta fashe da dariya har da shaƙewa, sai duk muka ɗauka. Kafin a kai ƙarshe muna tsalle, fitilar silin na lilo, maƙwabci na dukan bango.

Da muna tattara kofuna Glenda ta ce mini, "Kin san abin da nake so da Barnaby? Ɗan mai gyaran famfo ne fa. Ya tashi wata safiya ya ce shi daga yau tauraro ne, ya shafa fenti, ya fito. Wandonsa ya yage gaban duniya, ya yi dariya ya ci gaba. To mu mene ne namu?" Ranar Litinin ta samu aiki a kicin ɗin makarantar firamare, inda ta shekara da shekaru tana zuba wa yara wake tana yi musu waƙa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yaran. Jikokinmu da ba a haifi iyayensu ba lokacin wasan, su ne suka tono fim ɗin a wayoyinsu, suka koyi waƙoƙin, suka fara shafa ƙyalƙyali a fuska. Wata rana wani saurayi mai jan farce ya tare Glenda a kantin magani.

"Don Allah, Mama, ba ke ce mai takalmin nan ba?"

Ta manta da maganin hawan jinin da ta je karɓa. Sai da ta bugo mini waya daga bakin kantin tana ihu.

Da fim ɗin ya cika shekara hamsin aka ce an wanke shi, an gyara sautin, an kuma mayar da wasu wurare da aka yanke tun farko. Ƙaramar sinimar da ta rage mana ta sa shi ranar Lahadi da rana, manajar wurin, wata budurwa mai zobe a hanci, ta zo har gida ta gayyaci Glenda a matsayin babbar baƙuwa. Glenda ta kwana uku ba ta taka ƙasa ba. Ta sa aka rina mata farin gashinta shuɗi, wannan karon shuɗin gaske. Ta sayi takalman azurfa marasa tudu saboda gwiwa.

Neville ne ya fara wasu 'yan dabaru. Da ya ji maganar wuraren da aka mayar, sai ya tambaya, "Wane irin wurare?"

"Ina na sani? Me ya dame ka?"

"Ba komai."

Ranar Juma'a ya ce haƙori na damunsa. Glenda ta tuna masa haƙoran nasa a kofi suke kwana. Ranar Asabar ya ce badujala na da atisaye. Ta buga wa shugabansu waya, ya ce babu. Ranar Lahadi da safe ya ce yana jin jiri.

"Neville, shekara nawa ina zama cikin sanyi ina sauraron ƙahonka a bakin kasuwa? Yau za a kira sunana gaban jama'a. Ko a kan gadon asibiti ne sai an gungura ka."

Ya sa kwat ɗinsa mai launin toka da hula, ya ja hular har kan kunnuwa.

Sinimar ta cika maƙil. Tsofaffi irinmu da sanduna da ƙyalƙyali, yara da fikafikai, wani tsoho ya zo da keken guragu da ya naɗe da fitilun Kirsimeti. Aka kira Glenda, ta fito gaba da tauraronta a kunci, har yanzu layin bai karkace ba, ta yi jawabin da aka ce ta yi a taƙaice har sai da manajar ta karɓe makirfo da lallashi. Muka zauna a layin gaba, ni, ita, Neville a gefenta ya nutse cikin kujera.

Aka fara. Wayyo, kamar an wanke mana ido! Har zufar da ke hancin Barnaby ana gani, har zaren wandon. Zaure ya ɗauki waƙa gaba ɗaya. Da aka zo kan Glenda aka yi tafi kamar rufin zai faɗo, ta miƙe ta juya ta rusuna wa jama'a, ta zauna tana haki tana cusa gugguru a baki.

A nan tsohon fim ɗin yakan koma kan dandamali. Wannan bai koma ba. Hoton ya ɗaga sama zuwa bene, ya bi layin mutane, ya tsaya kan wani saurayi. Dogo ne siriri, sanye da rigar mata mai manyan furanni, fatar idonsa shafe da shuɗi, hawaye sun kwaso kwallin har haɓa. Ya rungume ginshiƙi da hannu ɗaya, ɗayan ya miƙa shi wajen dandamali, yana rera waƙar da dukan ransa. Mai ɗaukar hoton ya ƙi barinsa. Can yaron ya juya kai, fitila ta hasko shi ta baya, kunnuwansa biyu suka kama da wuta kamar fitilun bayan mota.

Hannun Glenda ya tsaya cikin kwalin gugguru.

"Marlene," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kin ga abin da na gani?"

"Na gani."

"Mutum nawa ne a Ingila suke da irin..."

"Ɗaya ne, ƙawata."

Muka juya tare. Neville ya zame har gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙasa, hular ta rufe masa fuska. Glenda ta miƙe tsaye, gugguru ya watse, ta fizge hular.

"Neville Shufflebotham! Rigar wa ka saka?"

Wata 'yar murya ta fito daga cikin kujera. "Ta gwaggona ce."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Rabin zauren sun san shi, sufeton da ya shekara talatin yana hana yara sa ƙafa kan kujerar bas. Wani tsohon direba a baya ya yi ta kiran "Sufeto! Sufeto!" har ya sarƙe. Manajar ta ruga ta sa aka mayar da wurin, aka tsayar da hoton cak, aka kunna fitilu. Ga Neville na da a allo, tsawon bene guda, yana kuka da shuɗin ido, ga Neville na yanzu a ƙasa da kwat ɗinsa mai launin toka. Yara suka fara buga ƙafa suna cewa ya tashi. Ya tashi a hankali, ya dubi allon, ya dubi jama'a, sai kawai ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda yaron ya yi. Zauren ya tarwatse.

Bayan an tashi muka ja shi shagon shayi na kusa. Glenda ta zaunar da shi ta tsaya a kansa.

"To, ina jin ka."

Ya yi ta juya cokali. Ya ce shi kaɗai ya je Landan, a ɓoye, ya wanke fuska a tasha kafin ya hau jirgin dawowa. Da fim ya fito ya shiga don ya ga ko ya fito, bai ga kansa ba, ya ga wata yarinya da takalmi a hannu. Ya yi ta komawa har mai sayar da tikiti ta fara ajiye masa kujera. Sai wata safiya yarinyar ta hau bas ɗinsa.

"Shi ya sa ka ƙi buga ƙararrawa!"

"Hannuna ne ya mutu."

"To me ya hana ka faɗa mini, sakarai?"

"Babanki ya ba ni kujerarsa, Glenda. Ba wanda ya taɓa tashi ya ba ni kujera. Na ce in an ɗaura aure zan faɗa. Aka ɗaura, na ce in ya rasu. Da ya rasu kuma abin ya yi tsawo, na rasa ta inda zan fara."

"Ihun maguna! A gabana kake cewa ihun maguna! Kana kwasar ƙahonka kana tafiya bayan gida!"

"Ai ana jiyowa daga can," ya ce. "Ina bin ku a hankali. Waƙa ta uku tana da wuri mai daɗi na ƙaho."

Na ɗauka marinsa za ta yi. Ta tsaya tana kallonsa, sai kafaɗunta suka fara girgiza. Ta yi dariya har ta zauna a cinyarsa, hawaye suka narkar da tauraron ya gangaro mata wuya. Ta maka masa jaka a ƙirji, ta sake maka masa, sannan ta kama kunnuwan nan biyu ta sumbace shi a gaban mai shayi da kowa.

Daga ranar Neville ya ɓalle, ba mai iya riƙe shi. Ya fito da fayafayan da ya ɓoye shekara da shekaru a ƙarƙashin buhunan taki. Ya koya wa badujalar gari waƙoƙin Barnaby, suka busa su a bakin kasuwa da Kirsimeti, shi a gaba da shuɗi a fatar ido. Yara suka lissafa suka gano fitowarsa ta fi ta Glenda tsawo nesa ba kusa ba, yanzu shi ake tarewa a kantin magani ana neman hoto, ita a ba ta waya ta ɗauka. Mafi muni, ya gaya mata akwai baitin da ta shekara hamsin tana rerawa ba daidai ba, ya kuma kawo takardar faifan ya nuna mata. Ba ta yi masa magana ba har aka ci abincin dare.

A bikin haihuwarta na bana shi ya ture kujerun da kansa tun da safe. Ana tsakiyar rawa ya ce zai nuna mana yadda Barnaby ke tafiya da baya da laima, ya taka kyanwar gidan, ya zube kan teburin waina, ƙugu ya goce.

Makon jiya na je duba shi a asibiti, an yi masa aiki. Na tarar da shi a zaune kan gado, ya tara ma'aikatan jinya biyu da tsofaffin da ke gadajen kusa, yana nuna musu kansa a waya yana bayani. Glenda na gefe da jakar inabi a cinya, tana ci ɗaya-ɗaya, tana hararar sa.

"Yaya mai jiki?" na tambaya.

"Ga shi nan, tauraro," ta ce. "Tun safe yake ba su labari, ko sunana bai ambata ba." Ta jefa inabi a baki, ta matsa mini wuri a benci. "Marlene, tsakanina da ke, na fi jin daɗinsa lokacin da yake yi mini ƙarya."